Mashekarin Inna Haulat

Ni na rubuta kalmar da hannuna, ba zan ɗora wa kowa ba. Sunana Istifanus, mutumin kudancin Kaduna, shekarata goma sha ɗaya ina awon filaye a Katsina. A watan Maris na 1999 aka tura ni duba wani fili can bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Marusa ka miƙa. Na tarar da turaku da alamun bukkokin da aka kwashe, babu ko kaza. Rana na dukana, na rubuta "kufai" a takardar awo na kama gabana.

Soja suka sauka, farar hula suka hau, takardar ta faɗa hannun sabon kansila, Alhaji Sada. Ya riga ya yi wa kowane ɗan kamfe alkawarin fuloti, kufai kuwa ba shi da mai shi. Abin nema ya samu.

Ranar kafa duwatsun iyaka muka iske wata tsohuwar Bafulatana zaune a tsakiyar filin, ta hura wuta. Inna Haulat ce, ta tako a ƙasa tun daga Batagarawa, inda take zaman rani wurin 'yarta. Sai da ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da lebura Mati, sannan ta ɗago.

"Wa ya ce ma wurin ga kufai?"

"Ni ne, Inna," na ce.

"Kufai wurin da aka tashi ne ba a komowa. Wanga mashekari ne. Da rani shanu su yi kudu, ruwa ya sauka su komo. Kai in ka tafi Kirsimeti garinku, gidanka kufai ya zama?"

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Kansila ya gyara hula. "Inna, yanzu mulkin jama'a ake. Takarda ke magana."

"To ni mi ce, in ba jama'a ba?" Ta juya wurin Mati. "Malam, haƙa mani inda za ku sa dutsen."

Mati ya sa diga. Maimakon jan yashin da muka saba gani, baƙin taki ya yi ta fitowa, har ramin ya kai gwiwa bai ƙare ba. Ta duƙa tana nunawa da yatsa.

"Na sama na ɗana Gidaɗo ne. Wanga na ubansa. Na ƙasan nan, tun ana rufe ƙofar gari da magariba."

"Istifanus, a sa dutse," in ji kansila.

Sai ta zura ƙafarta cikin ramin ta gyara zama. "Ku sa shi bisa."

Ba jarumi ba ne ni, ina da mata da 'ya'ya huɗu da gidan haya. Amma na zaro biro a gaban kansila na soke kalmar, na rubuta "mashekari, akwai masu shi", na sa hannu. Ya ce zan gane kurena, kuma bai yi ƙarya ba. Cikin mako aka raba ni da awo, aka maida ni ɗakin ajiyar fayil inda ɓeraye ke mulki.

Ita kuwa ba ta yarda da takarda ba, ko da wadda na gyara. Kwana tara ta yi a filin ita kaɗai, har ruwa ya sauka, Gidaɗo ya iso da shanu ɗari da wani abu. Sai da ta ga kowace saniya ta kwanta a makwancinta na bara, sannan ta yarda aka kai ta asibiti a duba ƙafafunta da suka kumbura.