Kifi Tukuna

"Ɗauke mata, Aisatu! Ɗauke kifin!" in ji Mama Micheline daga kan tabarma, tari yana sarƙe ta.

'Yata Aisatu ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta miƙa hannu ta cafke yankan karfasar da Jacqueline ta tura gefen kwano. Jacqueline ta tsandara ihu har awaki suka watse.

"Haba Mama, wannan ai mugunta ce," na ce. "Marainiya ce fa."

"Maman Aisatu, ni na ɓata ta, ni zan gyara."

Katanga ɗaya ta raba mu a Djamboutou. Shekara shida Mama tana riƙon jikar nan tata, yarinya mai tsirfar ci kamar 'yar gwamna. Ba ta son yakuwa, tuwon dawa kuwa sai an yi dambe. Kakar ce ta koya mata dabara: ta runtse ido ta haɗiye abin da ba ta so, ta bar kifi sai ƙarshe. Yarinya ta riƙe wannan gam.

Da asibiti suka sallamo Mama ba tare da sabon magani ba, ta san inda aka kwana.

"In na tafi, Figil za a kai ta, gidan ɗana Gaston," ta ce mini. "Yara takwas, faranti ɗaya. Wa zai jira ta? Za ta sha yakuwa, su cinye kifi. Ara mini yaranki."

Na ara mata, raina bai so ba. Kullum da azahar sai in soya kifi in haɗa su a kwano ɗaya. Kullum Jacqueline ta tura nata gefe, kullum a wawushe. Taurin kai dai gado ta yi.

"Kaka, ke kika ce a bar mai daɗi sai ƙarshe!"

"A gidana na ce, ma petite, 'yar ƙaramata. Yanzu na ce kifi tukuna."

Kwana tara ana wannan fama. A na goma muryar Mama ta ƙi fita, sai da yatsa take nuna kwanon. Ta cika da la'asar, yarinyar ba ta sauya ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi mutuwar yi mini ciwo.

Bayan an dawo daga maƙabarta, matar Gaston ta zuba wa yara abinci a babban faranti. Na tsaya bakin madafa da ludayi, na rantse duk wanda ya taɓa rabonta sai ya ji a jikinsa, ko ɗan wane ne.

Hannaye suka rufe farantin. Jacqueline ta riga kowa. Ta cusa kifin a baki tana taunawa, hawaye na gangarowa har haɓa, ba ta dubi kowa ba.

Ta zare ƙaya ta ajiye a kan gwiwarta, sannan ta kai hannu cikin yakuwa.