Ranar da Na Buɗe Idon Matoya

Garinmu Lanpu garin yumɓu ne. Kakana tukwane ya gina, babana ya yi shekara ashirin da biyu a kamfanin tayil na uku har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo. Ni da na bar makaranta sai na tarar rabin kamfanonin sun yi shiru, waɗanda suka rage kuma injuna ke aiki a ciki, ba sa neman irina. Hukumar gari ta ce tunda tayil ya daina ciyar da mu, tarihi zai ciyar da mu. Aka share Doguwar Matoya da ke kwance a jikin tudun yamma, aka yi mata matakala da ɗakin sayar da tikiti, aka kafa allo cewa shekararta ɗari huɗu. A nan na samu aikin jefa itace, Mama kuma ta samu shara.

Baba Kuang ne mai kula da wuta. Shekara arba'in da ɗaya yana gasa randunan tsimin ganye a wannan matoya, kuma ko masu jin haushinsa sun yarda bai taɓa asarar layin randuna guda ba. Ba ruwansa da ma'auni. Yakan leƙa ta ɗaya daga ramukan da ke gefen matoyar, waɗanda muke ce wa idanu, ya dubi launin wutar, ya ce a ƙara ko a bari. Shekara biyu ina binsa ina leƙawa, ban ga abin da yake gani ba. Wata rana muna jera randuna a ciki, ko kallona bai yi ba, ya ce:

"Jinbao, in muka fitar da wannan lafiya, ka kawo min shayi."

Saura kaɗan randar ta suɓuce min. A garinmu kowa ya san wannan shayin. Da hannu biyu ake miƙa shi a durƙushe, in maigida ya sha, to ya karɓe ka, zai koya maka abin da ke kansa. Mutum uku sun nema kafin ni, bai ce su kawo ba.

Ofishin yawon buɗe ido ya riga ya liƙa takardu tun daga tashar jirgi har bakin kasuwa: za a buɗe Doguwar Matoya ranar Asabar, ƙarfe goma, cikin hutun mako guda na watan goma. Lissafin bai yi laifi ba. A kunna Litinin, wuta ta yi kwana biyu, a toshe ko'ina da bulo da laka, ta huce kwana uku. Sai aka tashi da ruwan sama ranar Litinin, bai ɗauke ba sai Laraba. Itacen ya sha sanyi. Baba Kuang ya karya reshe ɗaya, ya saurari ƙarar, ya ce ba yau ba. Sai Alhamis muka kunna, Juma'a da yamma muka toshe ido na ƙarshe.

Asabar da sassafe Darakta Rong ta hau tudun tana haki, wayoyi biyu a hannunta. Ita ce shugabar ofishin. Ba muguwa ba ce, ita ta sa aka ɗauki Mama aiki. Ta tarar Baba Kuang ya ajiye kujerarsa a bakin babbar ƙofa yana cin taliyar shinkafa.

"Baba Kuang, bas goma sha huɗu ne a hanya. Har da baƙi daga babban birnin lardi."

"Su zo. Wuri da faɗi."

"Buɗewa suka zo gani."

"To su kwana uku. Ba kin gina musu otal ba?"

"Baba, don girmanka, ka daina zolaya. Ƙofa kawai, bulo biyar ko shida, su ɗauki hoto a mayar."

"Darakta, in kika fito da jariri daga wanka, kina kai shi bakin fanka?"

Ta shiga danna waya. Can ta ce akwai wata dabara: a kwaso tsofaffin randuna daga sito, a shafa musu toka, a jera a bakin ƙofa kamar yanzu suka fito. Baba Kuang ya ce ta jera duk abin da take so a bakin ofishinta, amma ba a bakin matoyarsa ba. Ya ci gaba da cin taliyarsa.

Ƙarfe goma tudun ya cika. Huluna ja, huluna rawaya, 'yan tutoci, kowace jagora da lasifikarta. Aka buga ganguna, 'yan makaranta suka yi rawa, aka karanta tarihin gari tun daga sarakunan da har zuwa shekarar da tayil ɗinmu ya kai ƙasashe talatin. Aka gama, ƙofa tana nan a toshe. Wani mai tumbi ya fara cewa yuwan sittin ya biya don ya kalli bangon laka, bangon laka kuwa akwai shi a ƙauyensu.

Ina can sama, wajen ido na goma sha takwas, ina tattara guntayen itace, sai ga Darakta Rong a bayana.

"Jinbao, kai ne mai hankali a nan. Ba ƙofa na ce ba. Ido ɗaya. Su ga jan ciki, su ji ɗumi a fuskarsu."

"Baba ya ce kwana uku, Darakta."

"A kan ƙofa ya yi magana. Wannan ramin ko hannuna ba zai shiga ba. Ka san me zai faru in waɗancan suka koma suka rubuta ba su ga komai ba? A hana mu itace, a sa jan ƙwan lantarki a ciki kamar yadda aka yi wa ta gari na gaba. Kai, da mamanka, da shi tsohon, ina za ku?"

Ni ban iya gardama ba, tun ina ƙarami. Na duba ƙasa, rufin matoyar ya kare ni daga Baba Kuang. Na ce a raina ai sama ce, nesa da ƙofa, kuma ido ɗaya ne. Na sa ƙarfe na ɓanɓare lakar, na zare bulon.

Iskar da ke biyo bayan ruwa tana kaɗawa daga arewa, ni kuma na manta da ita. Na ji ramin ya zuƙe ta kamar mai shan miya. Mutane suka yi layi suna leƙawa. Ba a yi minti uku ba sai ga wata ƙara siririya daga ciki, tin, kamar an taɓa kofin gilashi da cokali. Sai wata. Sai uku a jere.

Wata jagora ta ɗaga lasifika ta ce a yi shiru, matoya tana waƙa, ba kowa ke dacewa da jin wannan ba. Wayoyi suka taru a bakin ramin. Wata tsohuwa ta haɗa hannu ta sunkuya. Mai tumbin nan ya ce yanzu kam kuɗinsa sun fita. Ni kaɗai na san me nake ji, amma mutanen sun matse ni, bulon yana hannuna, na kasa kai shi ramin.

Sai na ga Baba Kuang yana hawowa. Bai yi sauri ba. Ya karɓi bulon, ya ture wayoyin da gwiwar hannu, ya mayar, ya shafe da laka da tafinsa duk da zafin. Aka tafa masa. Ya juya ya sauka.

Talata muka buɗe, ba baƙo ko ɗaya. Baba Kuang yana fito da randa ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Mai lafiya tana amsawa kamar ƙararrawa. Daga ido na sha shida zuwa na ashirin kuwa, ƙarar kamar ka buga tsohuwar ƙwarya. Tsagar ma sai ka karkata randar ga haske za ka gan ta. Ni na kwashe su a baro zuwa tulin fasassu bayan tudu, sawu tara.

Darakta Rong ta zo da rana fuskarta a sake. Ta ce bidiyon ya zaga ko'ina, ana so a riƙa yi kowane wata, har an ba mai zane aikin sabon allo: Matoya Mai Waƙa. Ta ce randuna kaɗan ne ai, ofis zai ɗauki nauyinsu.

"Mai waƙar yana can," in ji Baba Kuang, ya nuna ni da haɓa. "Ku shirya da shi. Shi ya iya."

Ban shirya da ita ba. Na ce mata ba zan ƙara taɓa bulo ba, wannan ne karo na farko da na ce wa babba a'a. Ta ce ba damuwa, akwai mai gadi, shi ma yana da hannu.

Washegari duk da haka na dafa shayin. Ganyen da Mama ta ɓoye don sabuwar shekara na ɗebo. Na durƙusa a gabansa, na miƙa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon kofin. Ya karɓa, ya ɗora a kan katangar matoya, ya ce in je in juya itacen da ke shanye kafin rana ta yi.

Da na dawo kofin yana nan a cike, har ɗan ganye ya faɗa ciki. Na zubar, na wanke. Yau kwana goma sha ɗaya ina kawowa. Jiya sabon allon ya iso, ni aka sa na riƙe tsani.