Sifana a Hannun Gimbiya

Ana yawan gaya wa ɗalibai cewa wanda ya yi aiki shi ake gani. Masu faɗin haka ba su taɓa riƙe wayar ɗaukar hoto ba.

Doguwa ta tsaya a barandar sashensu na jami'a tana kallon fostar da aka manna. Ga Gimbiya nan, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, ta durƙusa gaban famfon tuka-tuka da sifana a hannu, tana murmushi, mata sun kewaye ta. Sifanar ma a juye ta riƙe ta. Doguwa ta san haka, don ita ta ɗauki hoton.

A hutun da ya wuce su biyun suka yi aikin sa kai da wata ƙungiyar raya ƙasashe, wadda ke gyaran famfunan ƙauye. Doguwa injiniyancin ruwa take karanta. Ita ta kwance famfo goma sha bakwai, ta canza robobin da suka cinye, ta koya wa matan kowane ƙauye yadda za su yi da kansu. Gimbiya kuwa tun tana yarinya aka laƙaba mata sunan saboda ƙyamar datti, kuma hutun bai sauya ta ba. Sai dai ƙungiyar tana da ƙa'ida: kullum a tura hoto goma ga masu ba da tallafi. Wayar Doguwa ce mai kyau, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Saboda haka in ta gama gyara sai ta goge baƙin mai, ta miƙa wa Gimbiya sifana, ta ja da baya ta ɗauka. Hoto ɗari huɗu da wani abu, ko yatsanta babu a ciki.

Yanzu ƙungiyar ta ba da kujera ɗaya: shekara guda a babban ofishinta na ƙasar waje. An kira su biyun ganawa ranar Laraba.

Talata da rana Gimbiya ta faɗo ɗakin Doguwa, ta ture littattafai ta zauna a bakin gado.

"Yaya, ki taimaka min. In suka tambaye ni yadda ake kwance famfo, me zan ce?"

"Ki nuna musu haƙoranki. Ai su suka kai ki bango."

"Haba Yaya! Ni na ce a manna ni?"

"Ba ki ce a cire ba."

Gimbiya ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Wannan dariyar ce ta fi ci wa Doguwa rai, don babu mugunta a cikinta ko kaɗan. Da yarinyar makira ce, da an samu wurin kama ta.

Doguwa ta yago takarda ta fara rubuta matakan. A cire hannun famfo. A buɗe kai. A ɗago bututu. Daga nan akwai matakin da ko wadda ta koya jiya ta sani: a danne bututun da maƙali kafin a kwance noti, in ba haka ba ya suɓuce ya tafi ƙasan rijiya, ƙauye ya koma shan ruwan tafki har sai an zo da injin. Bironta ya tsaya a kan takardar. Ta tuna fostar. Ta tsallake matakin, ta rubuta na gaba. Duk wanda ya san famfo, in ya ji wannan jerin, zai gane mai maganar ba ta taɓa taɓa shi ba.

"Ungo, ki haddace."

"Allah ya bar min ke, Yaya."

Doguwa ba ta ce amin ba.

A ganawar, mutum uku ne bayan tebur, ruwan roba a gaban kowa. Doguwa ta yi musu bayanin zurfin kowace rijiya, da dalilin da robobi ke saurin cinyewa inda yashi ya yi yawa. Shugabar tawagar ta yi ta gyaɗa kai tana satar kallon agogo. Daga ƙarshe ta ce, "Madalla. Amma a zuciyarki, me kika ji?"

"Na ji zafin rana," in ji Doguwa. Ba wanda ya rubuta.

Bayan mako biyu aka sanar. Gimbiya ce.

Gimbiya ta sami Doguwa a ɗakin gwaje-gwaje tana wanke kwalabe, ta rungume ta ta baya har ruwa ya fantsama.

"Sake ni, za ki fasa musu kaya. Sun tambaye ki famfon?"

"Sun tambaya! Wallahi Yaya, kaina ya ɗauke, ko layi ɗaya ban tuna ba. Sai na ce musu gaskiya ni ban iya ba, yayata ce ta yi komai, ni sifana kawai aka miƙo min."

"Kin faɗi haka?"

"Na faɗa. Sai matar nan ta ajiye biro ta ce irin wannan tawali'un suke nema, mai ɗaga abokan aikinta. Wai masu gyara suna da su da yawa."

Doguwa ta ci gaba da cuɗa kwalbar da ta riga ta fita tas. Wato an ambaci sunanta a ɗakin, an faɗi aikinta ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ma ya zama ado a wuyan Gimbiya. 

"Na taya ki murna," ta ce da kwalbar.

"Kuma kin san me? Wata uku na ƙarshe ƙauyuka za su tura ni. Takardarki na nan cikin fasfo ɗina. Da ita zan koya wa mata."

Doguwa ta kashe famfon wankin. A zuci ta ga rijiyar wani ƙauyen da ba ta sani ba, ta ji ƙarar bututu yana tafiya ƙasa, da matan tsaye da bokitai. Ta kuma ga Gimbiya ta dawo gida da kunya, kuma ba za a ce wannan hoton bai yi mata daɗi ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kawo takardar."

"Me ya faru?"

"Akwai matakin da babu."

"Kin manta ne?"

Doguwa ta goge hannu a jikin rigar aiki, ta dubi idonta.

"Ban manta ba. Kawo."