Babu Mai Wannan Suna

Tun a ɗakin intabiyu aka datse wa Abdulkahar suna, kuma da yardarsa. Yana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, wani babban kamfanin akantoci na Legas ya zo zaɓar ɗalibai. Ya ari kwat, ya ari laktaye, takalmin ne kaɗai nasa. Matar da ke jagorantar masu tambayoyin ta yi ta kokawa da sunansa, har ta gaji ta yi murmushi ta ce ko za ta iya kiransa Abdul? Ya ce ai babu komai. A ranar ko Tanko ta ce masa, da gudu zai amsa.

Da ya koma Buji da albishir, mahaifinsa Malam Zailani, mai makarantar allo, ya sa masa albarka. Amma da ya ji zancen sunan sai ya ajiye alƙalami.

"Abdul? Bawan wa? Ai ba su ƙarasa ba. Ni na san wanda na ba wa kai ranar suna."

Abdulkahar ya yi dariya, ya ce harkar ofis ce kawai, Baba. Mahaifiyarsa Inna Mu'minatu kuwa sai ta ci gaba da aikinta. Dama ita ba ta da ta cewa a kan sunan, domin shi ne ɗanta na fari, kuma tunda ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, in ta matsu ta ce "kai". Yana ƙarami ya sha ɓuya a bayan rumbu ko za ta gaji ta kira shi. Ba ta taɓa ba. Abin yana masa ciwo, ko da ya girma ya san alkunya ce.

Legas ta koya masa aiki, ta kuma koya masa rufe baki. Sabon ɗauka shi ne mai ɗaukar fayil, shi ne na ƙarshen tashi, ga jarrabawar ƙwarewa tana jiransa. Ya lura duk wanda aka ji Hausa a bakinsa sai a fara yi masa magana a hankali kamar mai ciwon kunne. Sai ya ninke Hausarsa ya ajiye tare da kaftaninsa. Abdul ya zauna masa daram, har in an kira ba ya waiwayen wani.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa aka turo su Dutse, su biyar, binciken wata ma'aikata. Ya san Malam yana kwance tun damina. Ya aika da saƙo ta bakin wani ɗan garinsu da ya gani a tasha cewa yana Dutse, ga inda yake aiki, zai zo. Ya roƙi manajansu kwana ɗaya tak. Manaja ya ce wanda ba a tabbatar wa aiki ba ba ya neman hutu ana tsakiyar bincike, ya bari sai Juma'a. Buji ba nisa, amma Abdulkahar ya haɗiye. Kullum da safe motar kamfani ta shigo da su, ya wuce maigadi da gaisuwar Turanci kamar sauran, ya hau bene, zuciyarsa tana wajen tsohon.

Ranar Juma'a ya zaro kaftaninsa. Da ya sauko zai tafi masallaci, daga can ya wuce tasha, farin ciki ya kwance masa harshe.

"Baba, barka da Juma'a. Ya aiki?"

Maigadin, wani dattijo mai suna Idirisu, ya miƙe yana kallonsa sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Mista Abdul, dama kana jin Hausa? Wallahi na ɗauka Bayarabe ne kai. Ɗan ina ne?"

"Buji."

"Buji?" Dattijon ya matso kusa da shi. "Shekaranjiya wata baiwar Allah ta zo daga Buji, tsohuwa, ita kaɗai. Ta ce sun aiko direba an ce masa babu, shi ne ta taso da kanta. Wai ɗanta take nema, ubansa na kiransa, jiki ya yi tsanani. Na ce wa ye sunansa? Ta ce yaron nan ne mai aikin lissafi. Na ce Inna, gidan nan kowa lissafi yake, sai da suna. Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Har na ce ko ta manta ne. Can ta sunkuyar da kai ta faɗa, ban ji ba, na ce ta ƙara."

Abdulkahar ya dafa ƙarfen ƙofar.

"Me ta ce?"

"Abdulkahar. Na hau har sama na tambayi oganku, ya ce babu mai wannan suna a cikinku. Ta zauna a gindin darbejiyar can har azahar, ko ruwa ta ƙi sha. Sannan ta tafi."

Tagar da yake zama a gabanta tana kallon darbejiyar nan. Ranar Laraba ya ga wata mata a zaune a wurin, daga sama, mayafi kawai ya gani. Ya ma ja labule saboda rana tana haske masa takarda.

Bai yi Juma'ar a Dutse ba. Tun daga bakin unguwa ya hango tabarmi a ƙofar gidansu, da mutane a jere, allunan yara an jingine su a bango an kife. Sadakar uku ake yi. Wani maƙwabci ya riƙe hannunsa ya ce Malam ya cika ranar Laraba da hantsi, yana ta duban ƙofa. Ita ma Inna ba a gabanta ya cika ba, tana hanyar Dutse.

Ya shiga ɗakinta ya durƙusa. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ta rame, carbi a hannunta. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa, ta ce ya hanya. Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Inna, ina ciki. Wallahi ina saman benen nan."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Jikina ya ba ni kana ciki, shi ya sa na zauna. Na faɗa musu. Abin da ban taɓa yi ba na yi, har sau biyu, a gaban wani namiji."

Ya so ya ce ta ƙara faɗa, sau ɗaya, shi ma ya ji. Ya san ba shi da bakin roƙon wannan.

Ta ja carbi ɗaya, biyu. Sannan ta dube shi, babu faɗa a fuskarta, tambaya ce kawai ta mai son ta sani.

"To kai, in ni ce na kwanta, wa za a ce ana nema?"

Ya buɗe baki. Sunansa na Legas ya kasa fitowa a ɗakin nan, wanda Malam ya raɗa masa kuma ya ji ba shi da ikon ɗauka. Tana ta jira.