Takin da Ya Dafa Ruwa

Hantsi bai gama dubi ba, wata kamyo, babbar motar kaya, ta kife a kwanar da ke bayan Tsarnawa, buhuna suka fashe, farin abu ya watsu kamar ƙanƙara. Direba ya fito lafiya, sai dai ba ya jin Hausa, ihu kawai yake yana yarfa hannu. Nan da nan gari ya ɗauka: taki ya zube!

Ikilima mai haɗa sabulu ta iso da Latifa, 'yarta ta fari, a goye. Kallo ɗaya ta yi ta gane. Soda ce mai ƙuna, irin wadda take aunawa da cokali tana kawar da fuska. Ga hadari ya haɗu gabas, ga tabkin da yaran gari ke wanka a gangaren hanya, inda ita ma Latifa take tsoma ƙafa kullum.

Kuma wanda ya fi kowa cika kwarya surukinta ne, Malam Rabo, mutumin da ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba.

Ta durƙusa. "Baba, a yi mini gafara. Wannan ba taki ba ne."

"Ɗiyata, shekara arba'in ina noman hatsi. Ke za ki gwada mini taki?"

Ba ta ƙara ba. Ta karɓi bokitin wata mai tallar ruwa, ta zuba ludayi uku daga kwaryar, ta ja baya. "Baba, taɓa gindin bokitin. Daga waje."

Ya taɓa, ya fizge hannu. "Kai! Zafi haka, babu wuta, babu icce!"

Wani mai amalanke da ake kira Baƙo ya tuntsire da dariya. "Malam, da bana hatsinka dafaffe za ya fito!"

Dariya ta game wuri, har da tsohon. Ya juye kwaryarsa, ya ɗaga murya: "Kowa ya ji abin da ta ce!"

Ikilima ta kori yara can ƙarƙashin gawo, ta sa duk wanda ya taɓa sodar ya wanke hannu da ruwa mai yawa. Maza suka ɗaura leda a hannu da ƙafa, suka kwashe da shebur cikin durom, suka kankare har ƙasar wurin. Jandarma suka iske an yi datsiyar yashi tsakanin hanya da tabki.

Da la'asar ruwa ya kece. Malam Rabo da kansa ya karɓi Latifa, ya gangara da ita bakin tabki.

"Bar ta ta yi wasa, ɗiyata. Ruwan ga ke kika wanke shi."