Ƙwaya Goma a Jiƙaƙƙen Tsumma

Shekara uku a jere damina tana ɗaukewa a Gangara kafin gero ya yi ido. Irin da Malam Attahiru ya gada, wani gero mai nuna da wuri, saura tiya ɗaya a tulu, an liƙe bakinsa da laka.

A kan wannan iri ne 'yarsa Khadijatu, malamar aikin gona a garin Isa, take son yin digiri na uku. Jami'o'i biyu suka karɓe ta, kowacce da sharaɗin ta kawo irin a ajiye a ɗakin bincike. Ta farko babba ce, sunanta yana saman duk jerin da ta duba. Ta biyu kuwa malamai uku ne kacal a sashen.

"Baba, babbar za ni," in ji ta. "Farfesa goma sha ɗaya gare su."

"Farfesa na hana iri mutuwa? In ya mutu hannunsu, ina wani? Har Kurawa na cigita, kowa ya cinye nashi."

Ba ta taɓa tambayar yadda suke ajiya ba.

"Ɗiyata, ba a zaɓen iri da ido. Koma ki roƙo ƙwaya goma-goma cikin abin da ɗaliban baya suka bar musu."

Ta je duka biyun, ta dawo da ƙulli biyu. Tsohon ya jiƙa tsummoki da ragowar ruwan alwalarsa, ya naɗe ƙwayoyin daban-daban, ya tura ƙarƙashin randa.

Kwana uku Khadijatu tana kewaya randar ba ta taɓa ba. Ko a sujada tunaninta ɗaya ne: in duka biyun matattu ne fa?

A rana ta huɗu ya warware. Na babbar jami'a sun yi funfuna, ko ɗaya bai tsaga ba. Na ƙaramar, shida sun fito da farin tsiro.

"Shida, Baba. Huɗu sun mutu."

"Na gani."

Ya daɗe yana duban sama, babu ko gizagizai. Sannan ya yi bisimilla, ya fasa lakar, ya raba irin biyu.

"Wanga rabi za ni binne shi in jira Allah. Ki gaya ma malamman nan uku, in ruwa ya sake ɗaukewa, abin da ke hannunsu shi kaɗai ya rage."

Ta shimfiɗa gefen mayafinta ya zuba. Sau uku tana ƙullawa kafin ƙullin ya kama.