Na'urar da Ponijo Ya Manna a Gilashi

Saura kwana uku Sallah Ponijo ya sayo na'urar nuna hanya, kuma tun daga ranar ba a sake jin wata magana a gidansa na Bekasi, gefen birnin Jakarta, ba sai tata. Mai shagon tayil ne, ɗan shekara hamsin da biyu, ga tumbi daidai gwargwado, ga mota ruwan toka da bai fi wata huɗu da sayenta ba. Shekara tara rabonsa da ƙauyensu, Watugilang, can cikin duwatsun Gunungkidul. Bana kam babu makawa, domin ƙaninsa Tukimin ya bugo waya da saƙon Simbok, mahaifiyarsu. Ta ce a gaya wa babban ɗanta, in yana da niyyar durƙusawa gabanta ya nemi gafara ranar Sallah kamar yadda kowane ɗa yake yi, to ya zo bana, ita ba ta ɗauki alkawarin baɗi ba.

Maganar ta shige shi, wannan ba za a yi masa ƙarya ba. Ya shige bayan shago ya yi hawayensa ya share. Yana son gafarar nan har cikin ransa. Illa dai ya fi so ya karɓe ta bayan ya fito daga mota, ya rufe ƙofa a hankali, ƙauye na kallo.

Matsalar ita ce bai san hanyar mota ba. Duk zuwansa na da, bas ke sauke shi a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Tambaya kuwa, a yankinsu ba a yin ta daga taga. Sai ka tsaya, ka kashe inji, ka fito, ka rusuna, a tambaye ka ɗan wane ne, sannan a nuna maka da babban yatsa. Ponijo ya rantse shi da girmansa ba zai tsaya gaban masu yankan ciyawa yana tambayar hanyar gidan uwarsa ba.

Mai shagon da ya sayar masa da na'urar ya fito ya leƙa motar, ya ƙwanƙwasa gilashin gaba da farce, ya kira shi Pak, wato maigida.

"Pak, wannan baƙar ledar da aka manna maka akwai ƙarfe a jikinta. Na'urar ba za ta ga sama ba. Bari in yanke maka ɗan gurbi kamar tafin hannu a kusurwa."

"Ka yanke me? Ka san daga ina aka kawo ledar nan?"

"Ban sani ba, Pak. Tauraron ɗan'adam da ke nuna mata hanya ma bai sani ba."

Ponijo ya ja motarsa ya tafi, yana cewa 'yan kasuwar yanzu ba su da kunya.

Da hantsi ya zauna aikin mannawa a ƙofar gida, matarsa Bu Parmi na zaune a kujerar gefe tana tsinkar wake a faranti. Ya gwada kusurwar dama, ya ce ta yi nisa. Ya gwada ƙasa, ya ce ba ta yi kwarjini ba. Daga ƙarshe ya zaɓi tsakiyar gilashi, sama-sama, inda duk wanda ya leƙo zai fara cin karo da ita. Ya danna robar da ke manna ta a gilashi, ya ja mariƙin, ya koma baya yana kallo. Na'urar ta yi shiru kamar ta amince, sannan ta faɗo cikin waken.

"Sannu da zuwa," in ji Bu Parmi.

Ya goge gilashin da gefen riga, ya sake dannawa, ta sake faɗowa. Sai ya waiga dama da hagu, ya fito da harshe ya lashi robar.

"Pak, kana azumi fa."

"Ban haɗiye ba."

"Ni dai na gani, Allah ma ya gani. Mutum da furfurarsa yana lasar roba a bakin titi."

Amma yawun ya yi aiki, ta manne. Ya zura igiyar caji cikin ramin kunna sigari, fuskar na'urar ta kawo haske, wata mata ta yi magana daga ciki da murya mai sanyi. Ponijo ya lumshe ido. Bu Parmi ta ce shekara ashirin da shida tana gaya masa inda zai bi bai taɓa lumshe ido ba.

Jajibirin Sallah suka kama hanya. A babban titi ba a buƙatar na'ura, duk Jakarta ce ta kwaso kanta ta nufi gabas, sai ka bi bayan na gabanka kawai. Hakan ya sa Ponijo bai damu ba da ya ga matar cikin na'ura ta yi gum, fuskarta na nuna tana neman tauraro. Ya ce gajiya ce. Sun yi Idi a wani fili kusa da Wonosari, shi da sabuwar rigar batik mai zane-zane da wando mai kari kamar wuƙa. Tukimin ya bugo ya ce Simbok ta riga ta hau kujera, ta hana kowa matsowa, ta ce babba ne zai fara.

"Ka ce mata minti arba'in," in ji Ponijo.

Suna barin kwalta suka shiga gonakin rogo da itatuwan katako na jati, hanya ta rabu uku. Ponijo ya dubi na'ura, na'ura na neman tauraro. Ya danna nan, ya danna can, ya ɗan mare ta.

"Ko mu tambayi waɗancan?" Bu Parmi ta nuna wasu mata da ke dawowa daga Idi.

"Bu, ki bar ni in yi tunani."

Tunanin bai kai shi ko'ina ba sai ga maganar mai shago. Bai ambace shi ba, ko kusa. Ya ɓamɓare na'urar daga gilashin, robar da ta ba shi wahala yanzu ta ƙi saki sai da ya sa makulli, ya miƙa wa matarsa.

"Sauke gilashinki, ki fitar da ita waje."

"In fitar da ita ta sha iska?"

"Ta ga sama!"

Haka aka yi. Bu Parmi da mayafinta na Sallah, hannu a waje cikin rana, tana riƙe da na'ura kamar mai tallan awara. Igiyar cajin kuwa gajera ce, da ƙyar ta kai taga, a miƙe take tsaf ta bisa cinyarta. Can sai matar ciki ta farfaɗo ta ce a juya hagu. Ponijo ya yi murmushin wanda ya ci shari'a.

Ramin farko da suka faɗa, kan igiyar ya fice daga ramin sigari, na'urar ta mutu nan take, don ashe batirinta ba ya riƙe komai. Sai da aka mayar, aka jira ta farka, ta yi gaisuwa, ta sake neman tauraronta. Rami na biyu ma haka. A na uku Ponijo ya yago ganyen kwakwa daga ƙunshin shinkafar guzurinsu, ya ninka, ya cusa gefen kan igiyar ya tokare shi.

"Mota ta miliyoyi," in ji Bu Parmi, "ganyen kwakwa ke riƙe da ita. Hannuna ya ƙage, Pak."

"Canja hannu."

"Igiyar ba ta kai ɗayan ba. Ko in canja miji?"

Hanya ta yi ta tsukewa, rassan rogo na kartar fenti, kowace karta Ponijo na jin ta a haƙarƙarinsa. Matar ciki ta ce a miƙe, aka miƙe. Ta ce saura mita ɗari biyar. Suka gangara wani tudu, sai ga kogi a gabansu, da gadar gora wadda ko babur sai ya yi bismillah kafin ya hau. Matar ciki ta ce a ci gaba.

Ponijo ya san gadar. Ita ce ya saba bi da ƙafa. Daga inda yake zaune yana hango rufin masallaci, da jan rufin gidansu, har da takalman baƙi jere a ƙofa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, amma wannan karon tafiyar minti goma ce kacal.

Bu Parmi ta shigo da hannunta tana murza shi. Wasa ya bar muryarta.

"Pak, mu kulle motar mu tsallaka. Tsohuwa tana zaune tun safe."

Ya dubi rufin gidan, zuciyarsa ta karye, hannunsa har ya kai ga makulli. Sai ya hango kansa yana shiga ƙauye da ƙafa, kwalin biskit a kafaɗa, ƙura a takalmi, daidai yadda ya bar shi. Shekara tara, a ce Ponijo ya dawo a ƙasa?

"Akwai hanyar mota. Tukimin ya ce an yi ta siminti."

"To buga masa."

"In tambayi ƙanina hanyar gidanmu?"

Wani tsoho ne ke tahowa ta gefen motar, damin ciyawar awaki a ka, ya rufe masa rabin fuska. Ponijo bai kashe inji ba, bai fito ba. Ya sauke gilashinsa kamar faɗin yatsu huɗu, ya ɗan taɓa hon.

"Kai, tsoho! Ina hanyar mota zuwa Watugilang?"

Bu Parmi ta runtse ido don kunya. Tsohon ya tsaya, ya daɗe yana duban ɗan gurbin tagar. Sannan ya rusuna da ladabin da ya fi ƙarfin tambayar, ya nuna da babban yatsa.

"Arewa, ranka ya daɗe. Ka miƙe arewa kawai, kusa ne."

Ponijo ya juya mota da ƙyar, ya miƙe arewa. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Arewa ta kai su wurin fasa dutse, ta kai su makabartar wani ƙauye, ta kai su ƙofar wata makarantar firamare a kulle. Matar ciki na ta cewa a juya a koma gada, har Bu Parmi ta zare ganyen kwakwar da kanta, aka huta. Wayar Ponijo ta yi ƙara sau huɗu, bai ɗauka ba. Sai bayan azahar Bu Parmi ta buɗe ƙofa ta fita ba tare da ta nemi izini ba, ta rusuna wa wata mai sayar da fetur a kwalba, suka gaisa, aka tambaye ta surukar wace ce. Hanyar simintin tana kudu da gada, tafiyar kwata ɗaya.

Sun shiga Watugilang ƙarfe biyu da rabi. Ba kowa a titi, rana ta kori mutane, masu yawon gaisuwa sun watse. Ponijo ya fito, ya rufe ƙofa a hankali. Kaji biyu ne suka gani.

A barandar gidan, tsohon nan na bakin gada yana zaune, ya sa hula, ya ɗaura zanen Sallah irin na mazan yankin, yana suɗe ƙashin kaza. Yanzu da babu ciyawa a kansa Ponijo ya gane shi, Lik Sarjiyo ne, ƙanin Simbok uwa ɗaya uba ɗaya.

"A'a, ranka ya daɗe, an iso?" in ji shi. "Ya arewa?"

Tukimin ya tare yayansa a bakin ƙofa, bai ɗaga murya ba.

"Mas, har azahar tana kan kujerar nan. Ƙafafunta sun kumbura, mun roƙe ta ta kwanta ta ƙi. Sai da Lik ya shigo ya ce ya gan ka a gada, ka dubi gidan ka juya mota. Sannan ta ce in matso in fara."

Ponijo ya shiga ɗakin. Simbok na kwance a gadon gora, ta ƙanƙance fiye da yadda ya zata, an tokare ƙafafunta da matashi. Ya zube a ƙasa, ya kifa goshinsa a gwiwarta, kalmomin neman gafarar da ya yi ta bita tun daga Bekasi suka tsere masa, sai kuka, na gaske, mai shessheƙa.

Ta bar shi ya yi mai isarsa. Hannunta bai taɓa kansa ba.

"Na yafe maka tun da azahar, Ponijo, don kada in tafi da kaya. Tashi, ƙasar nan za ta ɓata maka wando."

Ta juya kai wajen ƙofa.

"Tukimin, a ba su abinci, sun sha hanya. In za su koma ka hau babur ka raka su har bakin kwalta. Baƙo ne, kada ya sake ɓata."